Bututun Ruwan da Ban Saka Ba

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, mata uku ne suka ja ni gefe, kowacce a nata lokacin, suka roƙe ni in yafe masa.

Ta farko ƙanwar kakata ce, tsohuwar da idonta ya yi rauni. Ta lalubo hannuna ta matse, ta ce, "Yarinya, wanda ya mutu ba shi da sauran bakin ba da haƙuri. Abin da ya yi miki, ki bar wa Allah." Ta biyu maƙwabciyarsu ce, Bafulatana, ta dafa kafaɗata ta ce, "Sey munyal, sai haƙuri, Dokta. Kuskure ne ya yi, ba mugunta ba." Ta uku ita ce Dada, mahaifiyata, wadda Kawu yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ba ta ko kalle ni ba. Tana jan carbi ta ce, "Ni na yafe masa tun tuni. Ke ma ki faɗa da bakinki in ji."

Sau uku na ce na yafe. Wannan kalmar ce ta hana ni sakat, ita ce kuma ta zaunar da ni rubutun nan.

Mu mata muna cikin gida, amma ƙanena ya ba ni labarin waje. Ya ce mahautan kwata sun rufe aiki da wuri sun cika layin. A gefensu kuma ga wasu mutane masu tabarau da takalma sau ciki, daga Ngaundere, daga Marwa, har da wani da ya taso tun daga Kolofata, suna zaune a tabarma suna share hawaye. Wani tsohon mahauci ya kasa haƙuri, ya tambayi na kusa da shi, "Wai shi marigayin nan, ba kwalabe yake wankewa a can labo, ɗakin binciken nan, ba? Me ya kawo waɗannan manyan?" Mutumin Kolofata ya ce masa, "Baba, duk wanda ka gani a cikinmu yana da takardar dokta, kansa na malamai ne, amma hannunsa na wannan tsohon ne."

Mu gidan mahauta ne a Garwa, kaka da kakanni. Kawu ne kaɗai ya ajiye wuƙa. Ya yi boko kaɗan, bai yi nisa ba, sai wani ƙaramin ɗakin bincike da ke horar da ɗaliban jami'a ya ɗauke shi, don ya san inda jijiyar saniya take ko da ido a rufe. 'Yan'uwansa suka yi ta yi masa ba'a, wai ya bar yanka sa ya koma tsotsar jini kamar tsando. Shi dai sai ya yi murmushi ya gyara hularsa. Ya fi shekara talatin a wurin. Farfesoshi sun zo sun tafi, injuna sun tsufa an sauya, shi yana nan, ba shi da ko digiri ɗaya, amma ba a taɓa barin sabon ɗalibi ya taɓa jini ba sai ya bi ta hannunsa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Da na gama digiri na biyu na samu gurbin yin dokta a wurinsu, na ɗauka zumunci zai rage mini wahala. Ashe ni ce zan fi kowa shan ta.

Kwana arba'in yake sa ɗalibi yana ɗiban ruwan zoɓo da pipet, wato ɗan abin nan mai kama da alƙalami da ake tsotsar ɗigo da shi. Ka ɗiga a kan sikeli, shi ya duba. In ɗigo goma ba su yi nauyi ɗaya ba, ka sake daga farko. Na taɓa ce masa, "Kawu, ni fa na karanta wannan a littafi." Ya ce, "Kanki ne ya karanta, Uwata. Hannunki bai je makaranta ba tukuna." Ba ya yarda a yi magana a kan buɗaɗɗen bututu. In ka fara surutu sai ya ce, "Yawun bakinka ma yana da nasa tarihin, kada ka zuba mana shi a ciki." Ya ɗaura wa wasu pipet jan zare, wasu farin zare. Masu jan zare na ɗakin da ake duba sakamako ne, masu farin zare na ɗakin da ake haɗa aiki. Ko gobara ake yi, in ji shi, jan zare ba ya shiga ɗakin fari.

In aka ɗauke wuta a tsakiyar bazara, lokacin da Garwa take kamar bakin tanda, ba ya jiran umarnin kowa. Zai hau tsohon motonsa mai ƙafa biyu ya nufi wurin masu kifi a bakin gada, ya dawo da ƙanƙara a buhu tana ɗiga a bayansa, ya lulluɓe firiza da barguna, sannan ya ja kujera ya zauna a gabanta kamar mai jinya. Wanda duk ya kai hannu zai buɗe, sai ya ji, "Aikin shekara uku na wani yana ciki. Me kake nema da ya fi shi?"

Aikina a kan sammore ne, ciwon da tsando ke sa wa shanu. Makiyayan wajen Poli suna kukan cewa allurar da suka saba yi ta daina aiki, ni kuma aka ce in duba ko ƙwayar cutar ce ta sauya hali. Kawu ne ya raka ni rugage, damina biyu. Ranar farko na fito da takardar izini daga ofis, mai garken ya dube ta ya dube ni, ya ce shanunsa ba su iya karatu ba. Kawu ya ce in mayar da takardata jaka. Ya zauna a ƙasa, ya yi gaisuwa da Fulatanci har na gaji da tsayuwa, ya tambayi kowace saniya da sunan launinta, ya sha nono. Sai da rana ta take, mai garken da kansa ya kama mana ƙahon ta farko. A hanyar dawowa na ga ya raba gurasarsa biyu ya ba ni babban rabon, ya ce shi ya ƙoshi da nono. Na san bai ƙoshi ba.

Dole in ɗan bayyana aikin, don wanda bai san shi ba ya gane girman abin da ya faru. Daga jinin saniya muke fitar da ADN, wato zaren gadon da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Sai mu sa shi a ƙananan bututu tare da wani sinadari, mu saka a injin da ke ninka ɗan guntun da muke nema har ya yi yawan da za a gani. Daga nan a ɗiga kowanne a nasa ramin a kan wani faifai mai kama da daskararren kamu, a haska shi a ɗaki mai duhu. In layi ya haska, abin da ake nema yana nan. Amma injin nan ba shi da hankali. Ko ƙurar aikin jiya ce ta faɗa ciki, zai ninka ta. Shi ya sa kowane zubi ake saka bututu ɗaya wanda babu jini a cikinsa, ruwa ne zalla da sinadari. In na ruwa bai haska ba, aikinka ya tsaya da ƙafarsa. In ya haska, datti ya shiga, duk sauran shara ne. Kawu yakan ce, "Shanu arba'in za su iya haɗa baki su yi miki ƙarya. Ruwa ba ya yi."

Sinadarin daga waje ake kawo shi, a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Namu ya makara wata bakwai, da ya zo kuma bai kai yadda aka nema ba. Na lissafa, na ga in na saka bututun ruwa a kowane zubi, wasu shanun da na sha ruwan sama da cizon ƙuda a kansu ba za su samu shiga ba. Sai na bar shi. A littafin aiki kuwa na rubuta da hannuna cewa an saka, bai haska ba. A makon ne kuma pipet ɗina mai farin zare ta sami matsala, na leƙa na ga Kawu ya tafi sallar Azahar, na ɗauko mai jan zare na yi aiki da ita, na mayar kafin ya dawo.

Sakamakon ya fito da kyau har ya ba ni tsoro. Kusan kowace saniya ta haska, wato ƙwayar cutar ta daina jin allurar. Farfesa mai kula da aikina ya yi murna, ya ce wannan magana ce da za ta kai har ma'aikatar dabbobi, aka sa ranar sutenans, wato ranar da zan kare aikina a gaban malamai. Dada ta sayo atamfar anko ta raba wa dangi.

Kawu ya karɓi hoton faifan ya kai shi bakin taga. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirga ramuka.

"Uwata, kowane rami da saniyarsa. Ruwan a ina ya zauna?"

"A wani faifai daban na yi shi, Kawu."

"Nuna mini."

"Hoton ya goge."

Ya ajiye hoton faifan. Washegari ya kankare ɗan abin da ya rage a gindin kwalbar, ya haɗa da kayan da na yi aiki da su, ya saka ruwa zalla. Da hantsi ya kira ni ɗakin duhu ya kunna fitila. Layi ɗaya ne a faifan, yana haske kamar sauran nawa.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi. "Jan zare ya shiga ɗakin fari?"

Na kawar da idona daga faifan.

"Kuma kin rubuta kin saka, ba ki saka ba."

Na ce, "Kawu, saura wata biyu. Ka rufa mini asiri, in na gama zan sake aikin a hankali."

Ya ce, "In wannan ya fita, za a ce wa makiyayan Poli allurar nan ta mutu. Su daina yi, ko su koma sayen na kasuwa da ba a san asalinsa ba. Mutumin da ya kama miki ƙaho da hannunsa, shi za ki fara yi wa wannan?"

A nan ne na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "Kai da ko takarda ɗaya ba ka da ita, me ka sani game da abin da mutum ke rasawa?"

Ya kashe fitilar, ya buɗe ƙofa. Ya ce, "Ko ki je wurin Farfesa, ko ni in je. Na ba ki zuwa Juma'a."

Ban je ba. Shi ya je.

Rubuta abin da ba a yi ba a littafin aiki laifin kora ne, kuma korar da ke bin mutum duk inda ya nufa. Na kwashe takarduna a jaka ina jira. Ranar Litinin Farfesa ya tara mu duka, ɗalibai da ma'aikata. Ya ce sakamakon sammore ya rushe, sai an sake daga farko. Ya ce ruwan da ake haɗa aiki da shi ne ya gurɓata, kuma wanda ke shirya ruwan ya amsa laifinsa. Wani ɗalibi ya tambaya, to yaya aka yi bututun ruwa bai nuna ba? Farfesa ya juya ga Kawu. Kawu yana tsaye da hularsa a hannu, ya ce, "Na bututun ruwan daga wata kwalba daban na ba ta. Ni na rikita su."

A iya sanina, wannan ce ƙarya ɗaya tilo da ya yi a wurin nan, kuma saboda ni ya yi ta. Farfesa ya ce shekaru sun ja, ba za a kore shi ba saboda daɗewarsa, amma daga yau ba zai sake taɓa pipet ba. Aka mayar da shi ɗakin wanke kwalabe. Ina zaune a kujera ta biyu. Bakina yana nan, lafiyarsa ƙalau, ban buɗe shi ba.

Labari ya riga ni isa gida. Dada ta yafa mayafi ta nufi gidansa, ni ina biye da ita. Ta tsaya a tsakar gida ta ce masa, "Yaya, 'yar da ka ce uwarka ce, ita ka zubar wa aikin shekara uku? In ka tsufa ba sai ka ajiye ba?" Yana zaune a kan buzu. Ya dube ni sau ɗaya, ba kallon tuhuma ba, kallon mai ba da dama. Da ya ga na sunkuyar da kai sai ya ce, "A yi haƙuri. Tsufa ne." Dada ta yi kusan shekara biyu ba ta taka gidansa ba, ko sunan jikarsa ba ta je ba. Atamfar anko kuwa kowa ya ɗinka tasa ya sa a wani bikin.

Na sake aikin, shekara ɗaya da rabi. Wannan karon da bututun ruwa a kowane zubi. Shanu kaɗan ne suka haska. Allurar tana aiki, matsalar daga yadda ake auna ta ne da kuma jabun da ke yawo a kasuwa. Ba babban sakamako ba ne, amma gaskiya ne. Ranar sutenans ya zo da farar rigarsa ta Juma'a ya zauna a can baya. Da aka tashi ya matso ya ce, "Wannan naki ne, Uwata." Ya tafi kafin a fara ɗaukar hoto.

Aka ɗauke ni aiki a wurin. Kullum da safe sai na wuce ta ƙofar ɗakin wanki, in gan shi ya naɗe hannun riga, yana dirzar kwalabe da burushi a cikin ruwan jabel, sinadarin wanki mai cin fata. Hannun nan da ke ɗiga ɗigo goma su yi nauyi ɗaya, ya tsattsage ya yi fari. Sababbin ɗalibai ba su san ko wane ne ba, wasu har aikensa suke yi. Ni ce yanzu nake sa su ɗiban zoɓo, suna cewa Madam ta iya koyarwa.

Sau ɗaya na shiga na rufe ƙofa. Na ce, "Kawu, maganar nan tamu..."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kin saka bututun ruwa yau?"

"Na saka."

"To je ki, aikinki na jira."

Na ɗauki wannan a matsayin yafiya, don ita ce ta yi mini daɗi. Amma ba yafiya nake bukatar nema kaɗai ba. Sunansa ne ya kamata in wanke, a gaban Farfesa da gaban dangi. Kowace shekara ina da dalilin jinkiri. Bari a tabbatar mini da aiki. Bari in haihu. Bari Farfesa ya yi ritaya. Haka shekara takwas ta wuce, har shi Kawu ya yi tasa ritayar daga ɗakin wanki, aka ba shi agogon bango.

Bai cika shekara a gida ba hawan jini ya kayar da shi, ya shanye masa ɓari ɗaya, ya ɗauke masa magana. Na je duba shi sau da yawa. Ranar ƙarshe Dada tana ɗakin, sun daɗe da shiryawa, tana ba shi kunu a cokali. Idonsa yana kaina. Kunnensa yana ji, na sani. Jimla biyu kawai ake bukata. Na gyara masa matashi, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fito.

Ranar sadakar uku muna zaune a ɗakin matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta shiga takaba. Ɗakin cike da mata. Wata ta kawo zancen halinsa, Dada ta ce, "Mutumin kirki ne. Abu ɗaya ne ya taɓa shiga tsakaninmu, shi ma 'yata ta yafe."

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na faɗi komai, da bututun da ban saka ba, da jan zaren, da abin da na rubuta, da abin da na ce masa a ɗakin duhu, da ƙaryar da ya yi don kada a kore ni. Yawancinsu ba su san mene ne pipet ba, amma babu wadda ba ta gane ba. Dada ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta tashi ta fita, na ji ta a bayan ɗaki tana kiran "Yaya" a hankali.

Na durƙusa a gaban Inna na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon tabarma. Sannan ta ce, "Shekara takwas, kullum ya dawo sai na shafa masa man kaɗanya a hannu. In tambaye shi, ya ce tsufa ne. Ni ma na yarda tsufa ne. Har na taɓa ce masa, Malam, kai ma ka yi sakaci da aikin 'yar mutane. Bai ce mini komai ba."

Na sake cewa, "Ki yafe mini."

Ta ce, "Ba ni ce mai yafewa ba. Mai yafewar shekaranjiya aka fita da shi ta ƙofar nan, kina tsaye."

Na rubuta wa Farfesa takarda, na kai wa shugaban wurinmu kwafinta da hannuna. Abin da za su yanke a kaina ban sani ba, kuma ba shi ne ke damuna ba. Wannan rubutun na waɗanda suka zauna a tabarmar waje ne, da mahautan kwata, da ɗaliban da suka aike shi sayen ruwan sanyi. Kawu bai taɓa rikita kwalba ba. Hannunsa bai tsufa ba ranar da aka raba shi da aikinsa.

Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya sanyaya masa hannuwan nan, kada ya kama shi da ƙaryar da ya yi don ya rufa mini asiri, gama tawa ce. Ku kuma da kuka riƙe hannuna kuka ce in yafe masa, yanzu kun san wanda za ku roƙa wa gafara.